A riƙa duba bayan 'ya'yanmu mata tun ƙashi bai ƙosa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya aiki, ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarku in yi magana a kan wata lalura da take cin yaranmu shiru-shiru a nan Gombe, musamman 'yan mata, wato karkacewar ƙashin baya, wanda a asibiti muke ce ma sikoliyosis. Ni ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, fisiyo kaman yadda mutane suka saba kiranmu, kuma abun da ya sa na ɗauki alƙalami shine na gaji da ganin yarinya 'yar shekara 16 ko 17 an kawo ta baya ya riga ya gama murɗewa, alhalin da an lura tun tana 11 ko 12 da ba a kai nan ba. Kuma lurar nan ba ta buƙatar allura, ba ta buƙatar yanka, ba ta ma buƙatar hoton ƙashi a matakin farko. Ido ne da haske da sanin abun da za a duba.

Abun da yake faruwa a gidajenmu kowa ya sani. Yarinya tana kai shekara tara ko goma uwa ta daina mata wanka, kunya ta shigo, ta fara saka hijabi har ƙasa, in za ta canza kaya sai ta rufe ƙofa. Wannan tarbiyya ce mai kyau ba wanda yake ja da ita, amma daidai wannan shekarun ne ƙashin baya yake ƙara tsawo da sauri, kuma daidai lokacin ne karkacewar take farawa in za ta fara. Kenan lokacin da ya fi kamata a ga bayan yarinya shine lokacin da ba wanda yake ganinsa, ita kanta ba ta ganin bayanta, kuma galibi ba ciwo balle ta yi ƙorafi. Da yawa daga wanda ake kawo mana, tela ce ta fara ganowa, ta ɗinka riga an kawo gyara, ta gyara an sake dawowa wai gefe ɗaya ya fi sauka, sai ta ce Hajiya anya ba jikin yarinyar nan bane? Wasu kuma sai an zo gyaran jiki na biki mai dilka ta gani, ai kuwa a lokacin hankalin kowa ya tashi, ga biki saura sati biyu.

Bari in ɗan yi bayanin lalurar dan wanda bai santa ba. Ƙashin baya in ka tsaya a bayan mutum ya kamata ka gan shi a miƙe tun daga wuya har ƙugu. A wannan lalurar sai ya lanƙwasa gefe, kuma ba lanƙwasa kaɗai ba, harda murɗewa, ƙasusuwan suna juyawa a kan junansu, tunda kuma haƙarƙari a jikinsu yake manne sai su ja shi, gefe ɗaya ya turo baya ya yi tudu, ɗaya gefen ya lotsa. Wannan tudun ne mutane suke gani daga baya su ce yarinya ta fara doro ko ƙusumbi. A duniya ana samun lalurar a kusan yara 2 zuwa 3 cikin kowane 100 masu shekarun balaga, kuma wajen kashi 80 cikin 100 na masu ita ba a gano musabbabin ba, sai dai an san tana bin jini, in uwa ko yaya tana da ita to a sa ido a kan ƙanne. 'Yar ƙaramar karkacewa maza da mata kusan ɗaya ne, amma wadda take ci gaba har ta kai ga neman magani mata sun ninka maza sau da yawa. Shi ya sa na fi nanata 'yan mata, ba wai maza sun tsira ba.

Kuma dan Allah iyaye mata a daina ɗora wa kai laifi. Na sha ganin uwa tana hawaye wai ita ta jawo saboda ta ɗora wa yarinya talla, ko ɗiban ruwa, ko goyon ƙani, ko jakar makaranta ta yi nauyi. Kaya mai nauyi yana sa ciwon baya da gajiya, wannan gaskiya ne, amma ba shi yake murɗa ƙashi irin wannan murɗewar ba. Ba kwanciya a gefe ɗaya bane, ba rashin zama daidai a aji bane, faɗan "miƙe bayanki" ba ya gyara ta sai dai ya ƙara wa yarinya damuwa. Masu ɗori kuma ina girmama su a kan abun da suka gada, amma nan ba karaya bace ba gocewa bace, ba abun da za a ja a mayar, tsaga da danna baya da ƙarfi wahala ce kawai ga yarinya.

To ya ake auna ta? Ma'aunin da likitocin ƙashi na duniya suka dogara da shi shine hoton ƙashi, eksire, wanda ake ɗauka mutum yana tsaye, sai a ja layi a kan ƙashin da ya fi karkata a sama da wanda ya fi karkata a ƙasa a auna kusurwar da ke tsakaninsu. Wani likitan Amurka John Cobb ne ya bayyana hanyar a 1948, har yau da sunansa ake kiranta. In ta kai digiri 10 an tabbatar da lalurar. Ƙasa da 25 yawanci sa ido ake yi, daga 25 zuwa 40 in yarinya tana kan girma sai a saka mata rigar roba mai tauri da take tallafe jiki, in ta haura 45 zuwa 50 sai a fara maganar tiyata. Ni ban zo in kushe hoton ƙashi ba, ba makawa sai da shi. Matsalar tana wajen "sa ido" ɗin nan, domin sa ido yana nufin a dawo duk wata huɗu zuwa shida har yarinya ta gama girma, in kuma duk zuwa sai an yi hoto, lissafa ka gani daga shekara 11 zuwa 16 hotuna nawa kenan, kuma hasken na'urar yana ratsa ƙirjin yarinya daidai lokacin da nono yake fitowa. Akwai wani bincike da aka fitar a Amurka a shekarar 2000 da ya bi mata sama da 5,000 masu wannan lalura da aka yi musu hotuna tun suna yara, kowacce kusan hoto 25 in an raba daidai, aka samu mutuwa ta dalilin kansar nono a cikinsu ta ɗara ta sauran mata da wajen kashi 70 cikin 100. Gaskiya ne waɗannan matan da tsofaffin na'urori aka ɗauke su, tsakanin 1912 da 1965 aka gano lalurarsu, na'urorin yanzu haskensu ya ragu sosai, kuma in an juya yarinya hasken ya shigo ta baya maimakon ta ƙirji abun da nono yake sha yana raguwa ƙwarai. Saboda haka kar wani ya karanta wannan ya hana 'yarsa hoton da likita ya rubuta. Amma darasin yana nan, hoton da ba dole ba a bar shi. Ga kuma kuɗi, ga kuɗin mota, mutumin da zai taso daga Nafada ko Dukku ko Balanga ya zo cikin Gombe saboda hoto ɗaya ya san abun da ya kashe, karo na biyu ko na uku sai ka neme shi ka rasa, yarinya kuma ƙashi yana ta tafiya.

Shi ya sa tun da daɗewa masana suke neman hanyar auna siffar gangar jiki daga waje, ba tare da an ratsa jiki da komai ba. Kuma mafi yawan hanyoyin nan wallahi ba su fi ƙarfinmu ba.

Na farko ido ne. Uwa ta shiga ɗaki da 'yarta su biyu, wuri mai haske, a cire hijabi da riga ko a bar 'yar shimi da za a iya ɗagawa, ba takalmi, a ɗaure gashi sama, yarinya ta tsaya ƙafa a haɗe hannu a sake, uwa ta tsaya a bayanta. Ki duba kafaɗu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo? Ki duba allon kafaɗa, ɗaya ya fi turowa? Sai ki duba ɗan filin da yake tsakanin hannu da ƙugu a dama da hagu, wannan wurin yana tona asiri sosai, in gefe ɗaya hannu ya manne da jiki ɗaya gefen kuma akwai rata babba, ko kwankwaso ɗaya ya fi fitowa, to akwai magana. In akwai zare a kusa a ɗaura masa ɗan abu mai nauyi ko da makulli ne, a riƙe bakin zaren a kan ƙashin nan da ya fi fitowa a ƙasan wuya in mutum ya sunkuyar da kai, a sake shi, ya kamata ya sauka daidai tsakiyar mazaunai. In ya kauce gefe da fiye da santimita 2 gangar jikin ta jirkice.

Sai gwajin da ya fi kowanne amfani, wanda wani likitan Ingila William Adams ya bayyana tun 1865 kuma har gobe da shi ake aiki a asibitocin duniya. Yarinya za ta sunkuya kaman mai ruku'u, gwiwa a miƙe, sai dai hannu ba a kan gwiwa ba, za ta haɗa tafukan hannu ta sake su suna lilo ƙasa, kai ma a sake. Ke kuma mai dubawa ki durƙusa a bayanta har idonki ya zo daidai da gadon bayan, ki kalla tun daga wuya har ƙugu tana sunkuyawa a hankali. Bayan lafiya gefen dama da hagu suna kwanciya daidai. In akwai murɗewa sai kiga gefe ɗaya ya taso ya fi ɗaya, a wajen haƙarƙari ko a ƙasa kusa da ƙugu, kuma abun da yake ɓoye tana tsaye sai ya fito fili tana sunkuye. Minti ɗaya bai cika ba an gama. Abu ɗaya da za a kiyaye, wani lokaci ba ƙashin bayan ne da matsala ba, ƙafa ɗaya ce ta fi ɗaya gajarta, kuma a wajenmu wannan ba baƙon abu bane saboda shan inna da aka yi fama da shi a baya, da masu sikila da kan ƙashin cinya yake lalacewa, da tsohuwar karaya da ta haɗe a karkace. Sai a zaunar da ita a kan benci ta sake sunkuyawa, in tudun ya ɓace tana zaune to daga ƙafa ne, gyaran takalmi ma yana iya wadatarwa, in yana nan daram to ƙashin bayan ne.

Matsalar ido ita ce ba ya ba da lamba. Ni in na ce "ya ɗan taso", abokiyar aikina ta ce "ai ba komai", wa za a bi? Kuma bayan wata shida waye zai tuna yadda ya gani? A nan ne wani ɗan ma'auni yake shigowa, sikoliyomita, wanda likita William Bunnell na Amurka ya fito da shi a 1984. Ɗan faffaɗan abu ne na roba ko katako da bai wuce tsawon hannu ba, yana da tsagi a ƙasa da yake hawa kan ƙashin baya, a jikinsa akwai lanƙwasasshen bututu da ruwa da 'yar ƙwallon ƙarfe a ciki da lambobi a jere. Yarinya tana sunkuye sai a ɗora shi a gicciye a kan bayan, ba dannawa, a bi da shi daga sama zuwa ƙasa, inda ƙwallon ta fi gangarawa a karanta lambar a rubuta. Ƙasa da digiri 5 ba damuwa, 5 zuwa 6 a sake dubawa bayan 'yan watanni in tana kan girma, in ta kai 7 a tura ta wajen likitan ƙashi. Ba batir, ba wutar nefa, ba ya lalacewa. A lura fa lambar wannan ma'aunin daban take da ta hoton ƙashi, wannan murɗewar gangar jiki yake aunawa daga waje, wancan lanƙwasar ƙashi daga ciki, ana dai kiyasta 7 a nan tana tafiya da wajen 20 a can amma ba kullum suke dacewa ba, kar uwa ta ji "bakwai" ta ce ai bai kai goma ba. Yanzu ma wayoyin hannu na zamani suna da na'urar gane karkata a cikinsu, akwai manhajoji da ake saukewa su mayar da waya sikoliyomita, an gwada su an ga sakamakonsu yana kusa da na asalin matuƙar mai riƙewa ya iya, sai dai waya ba ta da tsagin nan saboda haka akan ɗora ta a kan manyan yatsu biyu ko a yi mata ɗan mazauni. Ni na fi son na robar saboda ba ya ruɗa ma'aikaci, amma a asibitin ƙauye da babu, waya ta fi babu nesa ba kusa ba.

Hoton kyamara ma ma'auni ne in an yi shi da tsari, wuri ɗaya, nisa ɗaya, tsayin kyamara ɗaya, a ɗiga alama da biro a kan kafaɗu da ƙasan allon kafaɗa da kwankwaso, bayan wata huɗu ko shida a sake a jera su a gani. Amma a nan ina da kashedi mai ƙarfi. Wannan hoton bayan 'yar mutane ne ba riga. Ba fuska a ciki, ba a ɗauka sai da yardar uwa da ta yarinyar kanta, a wayar uwa zai zauna ba a wayar ma'aikaci ba, ba a tura shi WhatsApp ko Facebook wai ana neman shawara ko taimako. Hoto ɗaya ya fita gari an kashe shirin gaba ɗaya, ba uban da zai sake yarda, kuma yana da gaskiya.

Ƙasashen da suka ci gaba sun wuce nan da nisa, kuma yana da kyau mu sani ko dan masu sayo wa asibitocinmu kaya. A Japan tun wajen 1970 aka fara amfani da wata dabara ta haska baya ta cikin allo mai siraran layuka, inuwar sai ta zana zobe-zobe a kan fata, in zoben dama da na hagu ba su yi daidai ba an san akwai tudu. A Jamus, a garin Munsta, cikin shekarun 1980 aka haɓaka wata hanyar da ake haska layukan farin haske a bayan mutum kyamara ta ɗauka kwamfuta ta fitar da siffar bayan gaba ɗaya da tudunsa da kwarinsa, na'urar Formetric da ake sayarwa yanzu daga nan ta samo asali, a Okusfod ta Ingila ma sun yi tasu a wannan lokacin. Hasken fitila ne kawai, ko kullum aka yi ba illa. A Hong Kong kuma masana a jami'ar kimiyya da fasaha ta garin sun ƙera Scolioscan, wadda take aiki da irin sikanin da ake yi wa masu ciki, a bi da ita a kan baya ta fitar da hoton ƙasusuwan ba tare da hasken eksire ba. Wannan ta fi burge ni domin ita ƙashin take gani ba fata kaɗai ba, kuma matanmu sun saba da sikanin ba sa tsoronsa. Ina fata wata rana Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko na Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi su samu irin ɗaya daga cikinsu ta yi wa yankin Arewa maso Gabas hidima. Amma ba sai mun jira ba.

Akwai kuma wani dalili da ya sa auna siffar waje yake da muhimmanci wanda mu ma'aikata muke yawan mantawa. Yarinya ba digiri take gani ba. Abun da yake hana ta barci shine kafaɗarta da ta karkace, da tudun da ƙawaye suka fara nunawa a hostel, da tunanin waye zai aure ta. Ana iya samun yara biyu lambar hotonsu ɗaya amma ɗaya jikinta ya fi nunawa sosai, ana kuma iya yin magani lambar hoto ba ta sauya ba amma tsayuwar ta gyaru yarinya ta saki jiki. In ba ma auna waje ba za mu san wannan ba. Kuma tunda maganar aure ta shigo bari in faɗa da babbar murya saboda iyayen miji, wannan lalurar ba a ɗaukarta, ba ta hana aure, ba ta hana ciki, mafi yawansu suna haihuwa lafiya kaman kowa.

Sai dai in faɗi iyakar hanyoyin nan dan kar a ɗauke su fiye da matsayinsu. Suna tacewa ne, suna bibiya, ba sa yanke hukunci. Yarinya mai jiki kitse yana rufe tudun har lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Kafin a saka rigar roba ko a yi maganar tiyata dole a yi hoton ƙashi, a jikinsa ne ma likita yake duba ƙashin ƙugu ya gane saura nawa ta gama girma. Kuma akwai alamomin da in an gansu ba maganar jira ko awo a gida, yaro ƙasa da shekara 10, ciwon baya mai tada mutum cikin dare, ƙafa tana sanyi ko mutuwa, fitsari yana zuba ba sani, ko tudun haƙarƙari a hagu tunda wadda aka saba gani a dama take. Sama da duka, mu a nan kar mu manta da tarin fuka na ƙashin baya. In tudun tsini ne a tsakiyar baya, ga zazzaɓin dare ga rama ga zufa, wannan wata cuta ce daban, tana iya kwantar da yaro ya daina tafiya, amma tana da magani kuma maganin tibi, wato tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati. A garzaya.

Wani zai ce to in an gano da wuri sai me? Sai abu mai yawa. A 2013 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan rigar robar nan, yaran da suka saka kashi 72 cikin 100 sun gama girma ba su kai matakin tiyata ba, wanda aka zuba musu ido kawai kashi 48 ne, wanda kuma suka daure suka saka ta wajen awa 13 ko fiye a rana nasararsu ta kai kashi 90. Amma rigar tana aiki ne kawai in ƙashi yana kan girma. Saurin girman yarinya ya fi ƙarfi dab da fara al'ada, bayan ta fara da kaman shekara biyu ƙofar ta kusa rufewa. Akwai kuma motsa jiki na musamman irin tsarin Schroth da aka faro a Jamus tun 1921, muna haɗawa da rigar. Na san saka roba a zafin Gombe na watan Maris da Afrilu ba wasa bane, yaran suna shan wahala, amma a kwatanta da tiyatar ƙashin baya da ake saka ƙarafa, wadda sai an nausa manyan asibitoci irin na ƙashi na Dala a Kano ko Igbobi a Legas, da kuɗin da talaka ko ya sayar da gona da wuya ya haɗa. Wadda kuma ta haura digiri 50 aka bar ta, ko bayan an gama girma tana ci gaba a hankali, wajen digiri ɗaya a shekara, in ta yi tsanani sosai har numfashi take taɓawa.

Na san ba duk masana suka yarda da duba yara a makarantu ba. Ingila ba ta yi, a Amurka ma wani kwamitin gwamnati a 2018 ya ce hujja ba ta isa a ce a yi ko a bari ba, tsoronsu shine a tura yara da yawa hoto ba dalili a tayar wa iyaye hankali. Damuwa ce mai ma'ana. Amma can yaro yana ganin likita a kai a kai ko lafiyarsa lau, mu nan yarinyar da ba ta kwanta ciwo ba tana iya yin shekara goma ba ma'aikacin lafiya da ya ga bayanta. Kuma maganin yawan turawa shine a tace da ma'auni. Hong Kong tun 1995 suke duba ɗalibai mataki-mataki, sunkuyo da sikoliyomita tukuna, wanda lambarsa ta faɗa tsakanin 5 da 14 a yi masa hoton inuwar nan irin na Japan, sai wanda hoton inuwar ma ya nuna matsala ko lambarsa ta kai 15 ake kaiwa ga eksire. Ƙungiyoyin likitocin ƙashi da na yara na Amurka kuma shawararsu ita ce a duba mata sau biyu, a shekara 10 da 12, maza sau ɗaya a 13 ko 14. Wannan ya zo daidai da aji biyar ko shida na firamare da kuma ƙaramar sakandare a wajenmu.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya da ta Ilimi ta jihar Gombe, da hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha wato SUBEB, da hukumar lafiya matakin farko, shine a saka wannan dubawar cikin aikin lafiyar makarantu, tunda dama ƙasar nan tana da manufar lafiyar makarantu tun 2006 wadda ta yi maganar duba lafiyar ɗalibai. A fara da makarantun kwana na 'yan mata inda akwai matiron da ɗakin shan magani, a koya musu, horon yini ɗaya ya isa, a ba kowace makaranta ma'auni ɗaya da littafin rubuta lamba da kwanan wata. Mace ta duba mace, namiji ya duba namiji, a ɗaki a rufe ɗaya bayan ɗaya, a sanar da iyaye tun kafin ranar, wanda bai yarda ba a ƙyale 'yarsa a koya wa uwar ta duba a gida. Kar a manta da Islamiyyu, yara da yawa can kaɗai za a same su, malamai mata da ƙungiyoyin mata musulmi irin su FOMWAN za su iya isar da saƙon inda mu ba ma kaiwa. Makarantun koyon jinya da na kimiyyar lafiya irin ta Kaltungo su tabbatar duk wanda suka yaye ya iya gwajin sunkuyon nan, domin su ne za su zauna a asibitocin ƙananan hukumomi 11 ɗin nan. Kuma kafin a fara a shirya inda za a tura wanda aka gano, a ware rana a asibitin ƙashi, a duba yadda hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, GoHealth, za ta ɗauki nauyin hoton farko da rigar, domin ka gaya wa uwa 'yarta tana da matsala sannan ka bar ta ba inda za ta, wannan zalunci ne.

Teloli mata kuma, ku ne kuke riƙe da tef a jikin yaran nan duk sallah. In kin ga kafaɗa ko ƙugu bai daidaita ba ki ja uwar gefe ki gaya mata cikin sirri, ba a gaban yarinyar ba, ba a gaban kwastomomi ba.

Malam Edita watan Yuni ne aka ware a duniya dan wayar da kai a kan wannan lalura, ina roƙon jaridarku ta ware shafi a lokacin, a sa zanen yadda ake sunkuyon da inda mai dubawa za ta tsaya, zane ba hoton yarinya ba, yadda uwar da ba ta yi boko ba ma in ta gani za ta gane. Mu ma'aikatan gashin ƙashi a shirye muke mu taimaka da bayanin in an neme mu.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara ɗaukaka, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam,
'Yar'uwarku ma'aikaciyar gashin ƙashi,
daga Tudun Wada, Gombe.